Sharhi: kafireton Weber 32/36 a kan tsohuwar Corolla mai injin 4K

Akwai matakin da tsohon kafireto ke kaiwa wanda wanki ba ya yi masa magani. A kwance shi, a hura jet, wato 'yan ƙananan ramukan da ke auna man da ke shiga inji, a sa sabon gasket, mota ta yi lafiya kwana biyu, sai silo ya koma hawa da sauka. Haka ta kasance da motata, Corolla KE70 mai injin 4K na cc 1,290, samfurin da Toyota ta fara fitarwa a 1979. Kafireton Aisan da ta zo da shi ya yi aiki fiye da shekara arba'in, ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, amma sandar da ke juya marfin totur ta riga ta cinye mazauninta. In ka kama ta da yatsa za ka ji tana girgiɗi, kuma ta wannan 'yar kafa iska ke kutsawa ba tare da mai ya bi ta ba. Babu sukurun da zai gyara wannan. Shi ya sa na sayi Weber 32/36 DGEV, na tuƙa shi cikin zafi da sanyi, cikin cunkoso da doguwar hanya, kafin na zauna rubuta abin da na gani.

Na gamsu da shi ƙwarai, sai dai ba don dalilin da masu tallansa suka fi ambata ba. Su ƙarin ƙarfi suke kururutawa. Ni kuwa abin da na samu shi ne kafireton da ke jin magana: in ka juya sukuru inji ya amsa nan take, in ka canja jet ka ji bambancin a ƙafarka. Ga mai tsohuwar mota, wannan ya fi dokin inji biyu ko uku daraja nesa ba kusa ba.

Edoardo Weber ne ya kafa kamfanin a birnin Bologna na Italiya a 1923, kuma a 1992 ƙirar ta koma Sifaniya. Wannan samfuri ya yi suna ne a kan motocin Ford irin su Cortina da Capri da Escort. Lambobin da ke sunansa faɗin maƙogwaronsa biyu ne, na farko milimita 32, na biyu 36. Ba tare suke buɗewa ba. A tuƙin yau da kullum ƙaramin ne kaɗai ke aiki, sai ka taka totur ya kai wajen kashi biyu cikin uku sannan ƙarfen da ya haɗa su ya ja babban. Wannan tsari ne ya sa ƙaramin inji ke iya ɗaukarsa, domin iska na gudu da sauri a ƙaramin maƙogwaro, tana tsotso mai tana warwatsa shi yadda ya kamata. Bambancin DGV da DGAV da DGEV a cok yake, wato marfin da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi: na farko da hannu ake ja, na biyu ruwan lagireto ke buɗe shi, na uku lantarki. Na zaɓi na lantarki don waya ɗaya kawai yake buƙata daga layin da ke samun wuta in an murɗa makulli.

Kafin kafireton ya fito daga kwalinsa sai da na gama da inji da wuta, kuma ina roƙon duk mai niyyar wannan aiki ya yi haka. Na auna matsin silinda huɗun na ga sun yi kusa da juna. Na daidaita bawul da zafin inji, milimita 0.20 na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi. Na sa tazarar kwantak a milimita 0.45, na ɗaura taimin a digiri 8 kafin fistin ya kai ƙololuwa, na sa sababbin fulogi. Sau da yawa abin da ake ɗora wa kafireto laifin wuta ne. Injin da ringinsa ya gaji ko bawul ɗinsa ya ƙone ba zai tsotsi iska daidai ba, kuma ko wane kafireto ka ɗora masa, wahala za ka saya da kuɗinka.

Ɗaurawar ce ta fi ba ni aiki. Ramukan Weber ba su dace da manifol ɗin 4K ba, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, dole sai da faranti na tsakiya, kuma wanda na samu ƙirar wani kamfani ne daban. Da na ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa na ɗaga wa haske, sai ga siririn haske yana ratsawa ta tsakiya. Wato bai kwanta daidai ba. Na shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi, na riƙa goga shi a hankali ina juya shi, har fuskar gaba ɗaya ta yi launi guda. Wanda ya tsallake wannan zai kwana yana murɗa sukuru a banza, domin iska ce ke shiga ta ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: inji na silo, ka fesa ɗan ruwan wankin kafireto a gindinsa, in sautin inji ya canja to akwai kafa. A yi hattara da wuta wajen wannan gwaji, musamman a injin da manifol ɗin hayaƙi ke ƙarƙashin kafireto.

Sai matsin mai. Allurar da ke rufe kwanon mai a Weber ba ta son matsi mai yawa, wajen 3 a ma'aunin matsi na psi ya ishe ta, in ya haura 3.5 sai mai ya fara tumbatsa. Mai famfon lantarki ya sa na'urar rage matsi tun da wuri. Kebul ɗin totur kuma a tabbata yana buɗe maƙogwaro na biyu har ƙarshe, yana kuma sakin sa ya koma da kansa. Wani ya taka totur daga ciki kai kuma ka leƙa da ido, inji a kashe. Tiyon da ke zuwa distiributo a haɗa shi da ƙofar da aka tanadar masa a jikin kafireto, wadda ba ta tsotso sai totur ya fara buɗewa.

Inda na fi jin daɗin kayan shi ne wajen daidaita silo. Sukuru biyu ne. Na gudun silo ana shigar da shi har ya taɓa ƙarfen totur, a ƙara abin da bai wuce zagaye ɗaya da rabi ba. Na haɗin mai da iska ana rufe shi a hankali, ba da ƙarfi ba don tsininsa na iya lalacewa, sannan a warware zagaye biyu. Inji ya yi zafi sosai, cok ya buɗe gaba ɗaya. Daga nan aikin kunne ne. Na riƙa shigar da sukurun haɗi kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye, in dakata in saurara. Da farko sautin ya ƙaru ya yi sumul, na ci gaba, sai injin ya fara tuntuɓe, iyakilina tana rawa a samansa. Na dawo baya sannu a hankali har inda sautin ya fi tsayi da santsi, na tsaya. Abin da ya burge ni shi ne sukurun da kansa yana gaya maka ko jet ɗin silo ya dace. In wuri mafi kyau ya faɗo ƙasa da zagaye ɗaya da rabi, jet ɗin ya yi girma. In sai ka wuce biyu da rabi, ya yi ƙanƙanta. Nawa ya faɗo ƙasa, na sauke jet ɗin silo na farko daga 60 zuwa 50, komai ya zauna.

Mutane da yawa suna raina jet ɗin silo saboda sunansa, alhali shi ke ciyar da inji ta ƙananan ramukan da ke gefen marfin totur har zuwa lokacin da babban jet zai karɓa. A tuƙin cikin gari, rabin rayuwar motar a hannunsa take. Masu shigar da sukurun gudu da yawa don su ɗaga silo suna buɗe waɗannan ramuka tun kafin lokacinsu, sai mota ta riƙa shaƙewa wajen tashi, sukurun haɗi kuma ya daina tasiri. Lambobin jet na Weber kashi ne cikin ɗari na milimita, wato 140 na nufin milimita 1.40, kuma wannan ya sa lissafi ba ya rikitarwa. Nawa ya zo da babban jet 140, wanda aka yi wa injuna masu girman cc 1,600 zuwa 2,000. Fulogina sun fito baƙi ƙirin da busasshiyar toka, na sauka zuwa 130, suka koma ruwan ƙasa mai haske. Kada kowa ya kwafi lambobina ido rufe. Tsayin wuri daga teku, irin fetur, da lafiyar inji duk suna canja lissafin, domin iskar kan tudu ba ta da kauri kamar ta bakin teku. Abin da ake nema shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a tafiya mai sauƙi, da wajen 12.5 zuwa 13 in an taka har ƙasa. A yi canji ɗaya a lokaci guda, a tuƙa, sannan a yi na gaba.

A kan titi, bambancin farko da na ji shi ne tashin safe. Taka totur sau ɗaya, murɗa makulli, inji ya kama. Silo ya tsaya wuri guda ko an kunna fitilu. Hawan tudu a giya uku, inda da sai na sauko biyu, yanzu in babban maƙogwaro ya buɗe ana jin motar ta miƙe da wani amo mai daɗi. Amma gaskiya, injin cc 1,290 ne mai bawul takwas, kuma haka zai ci gaba da zama. Wannan kafireto ya ɗan yi masa yawa: in inji na juyi ƙasa-ƙasa ka danne totur gaba ɗaya lokaci guda, zai ɗan yi jim kafin ya ɗauka, saboda iskar da yake ja ba ta isa ta cika maƙogwaro biyu ba. Ana koyon takawa a hankali har juyi ya hau. Shan mai kuwa a ƙafar direba yake. In na zauna a maƙogwaro na farko, ya fi tsohon da ya gaji tattali. In na yi ta buɗe na biyu, allurar tanki ba ta ɓoye mini komai.

Daga baya na canja salansa da manifol ɗin hayaƙi, kuma nan ne nake son masu injin K irin nawa su saurara da kyau. A wannan inji, manifol ɗin shigar iska da na hayaƙi gefe ɗaya suke, suna raba notuna da washa iri ɗaya. In kaurin bakin sabon manifol bai yi daidai da na shigar iska ba, washa za ta karkace, ɗaya ya matsu ɗaya ya saki, ga yoyon iska ya dawo. A auna kaurin kafin a ɗaura. Na biyu, manifol ɗin asali yana ɗumama gindin na shigar iska don fetur ya zama tururi. Da na sa mai bututu huɗu da ke haɗewa biyu sannan ɗaya, wannan ɗumi ya ragu, motar tana ɗaukar lokaci kafin ta saki jiki da safe. A yanayin sanyi mai danshi har ƙanƙara kan iya taruwa a maƙogwaron kafireto, domin fetur na sanyaya iska yayin da yake zama tururi.

Duk da haka na fi son irin wannan manifol a kan mai haɗe huɗu zuwa ɗaya kai tsaye, don ya fi taimakon ƙarfi a tsakiyar juyi, inda motar titi ke zama. Bututun kuwa na tsaya a inci ɗaya da rubu'i uku, kuma ko inci ɗaya da rabi ya ishi wannan inji. Ina jin takaicin ganin ƙaramar mota da ƙaton bututu. Hayaƙin da ke fita da sauri yana barin tsotso a bayansa wanda ke taimaka wa silinda ta gaba ta fitar da nata. In bututu ya yi faɗi, gudun ya mutu, kamar ruwan da ya fito daga matsattsiyar kwata ya bazu a fili. Sai a samu ƙara mai damun maƙwabta, ƙarfin tashi kuma ya tafi. Bayan canjin salansa sai da na sake duba fulogi da sukurun haɗi, domin injin da numfashinsa ya canja buƙatarsa ta mai ma ta canja.

Ƙaramar iyakilinar da ake sayarwa tare da irin wannan kaya ba ta gamsar da ni ba. A buɗe take, tana shaƙar iskar da ta yi zafi a ƙarƙashin bonet daidai saman manifol ɗin hayaƙi, kuma tana da ƙara. Na sa farantin kare zafi tsakaninsu, abin ya yi sauƙi, musamman wajen sake tayar da mota bayan an kashe ta da zafinta. A kuma lura cewa akwai jabu masu kama da na asali har a kwali. Na gaske ana samun sunan kamfani da ƙasar ƙira a jikin ƙarfen, jabu kuwa jet ɗinsu kan saɓa da lambar da aka buga musu, wanda ke rushe duk lissafin da na bayyana. Wasu ƙasashe kuma suna da dokar hayaƙi da ta hana canja kafireton asali a motar da ke hawa titi, don haka mutum ya bincika dokar inda yake kafin ya saya.

Kulawarsa ba ta da wuya. Jet ɗin silo biyun daga waje suke, sukudireba kawai ake buƙata a ciro su ba tare da an kwance saman kafireto ba. Raminsu rabin milimita ne ko kusa da haka, ƙwayar tsatsa ɗaya daga tsohon tanki ta isa ta toshe shi, kuma alamar ita ce mota ta riƙa mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur. Na sa matatar mai sabuwa dab da kafireto, na canja tsoffin tiyo da waɗanda ke jure fetur mai ethanol. In jet ya toshe a hura shi da iska, kada a soka masa waya, domin tagulla ce mai taushi, kuma da zarar ramin ya faɗaɗa ko da kaɗan ne, lambar da ke jikinsa ta daina faɗin gaskiya.