Tintin a Kwango: na saya wa ɗana jaka biyu, bayan kwana uku na karɓe

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, na biya wajen wani mai baza tsofaffin littattafai a kan tabarma kusa da kasuwar Dole ta Zinder, ina neman littafin lissafi. Cikin tarin sai na hango Tintin au Congo, littafin zane na labarin wani matashin Bature mai suna Tintin, wanda mu nan muke ce wa Tantan. Bango mai kauri, kusurwa ɗaya ta ɗan cinye, amma shafukansa 62 duk suna nan, launi bai koɗe ba. Ya ce jaka uku, muka daidaita a jaka biyu. Ko karantawa ban tsaya yi ba, don a ganina na san shi. Na karanta shi ina ɗan lakwal, mu huɗu a benci ɗaya muna ture-turen kai. Na kai wa ɗana mai shekara tara.

Gaskiya ɗaya ce, zanen yana da kyau. Hergé, ɗan Beljiyam ɗin da ya zana shi, hannunsa tsaf yake, ko yaron da karatu bai zauna masa ba zai bi labarin da ido. Ɗana, wanda sai an yi da gaske yake zama da littafi, ya gama shi kafin magariba, ya sake komawa farko. Ranar na yi murna.

Kwana uku bayan haka mahaifina ya zo mana yini. Tsoho bai taɓa shiga lakwal ba, Faransancinsa a bakin aiki ya tsince shi, shekara da shekaru yana gadi. Yana ba mu labarin wani Nasara da ya yi wa aiki, ya jefa kalma biyu uku na Faransanci. Sai yaron ya tuntsire da dariya, ya ce: "Kaka, kana magana irin ta mutanen littafina!" Ya zaro ido, ya turo leɓe, ya rusuna yana cewa "wi misiye, wi misiye". Tsoho ya ɗauka wasan jika da kaka ne, ya yi dariya ya ce masa ja'iri. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Wasan jika na san shi, ni ma na yi da kakana. Turo leɓen nan ba a gidanmu aka koye shi ba.

Da dare na ɗauki littafin na karanta da idon uba. Duk baƙar fatan da ke ciki fuska ɗaya aka yi musu: ido waje, leɓe ya cinye rabin fuska, ba ka bambance sarki da yaron mota sai da tufafi. Akwai wurin da jirgin ƙasa ya yi karo da motar Tintin, jirgin ne ya kife. Tintin ya tsaya yana ba da umarni a tayar da shi, mutane suna noƙewa don kada su ɓata kayansu, har karensa, Milou, yana zarginsu da lalaci. Wani wuri mutum biyu suna faɗa a kan malfa, Tintin ya raba ta biyu ya ba kowa rabi, suka tafi suna yabon adalcin Bature. Ya ba marar lafiya ƙwayar kinin, aka ɗauke shi babban boka. Karen ma sai da wasu suka naɗa shi sarki. A shafin ƙarshe kuwa, bayan ya tafi, ga mutum durƙushe gaban gunkin Tintin da na karensa, ga wata uwa tana gaya wa ɗanta in bai natsu ba ba zai taɓa zama kamar Tintin ba. A nan na daɗe ban rufe littafin ba. Da ina yaro duk na ga waɗannan hotuna, kuma gefen Tintin nake, ina yi wa sauran dariya. Ko sau ɗaya ban taɓa kawo wa raina cewa kamannina aka zana ba.

Kashe dabbobi ma ba kaɗan ba ne. Tintin ya harbe biri ya feɗe ya saka fatarsa, ya tara gawar barewa tuli guda, ya huda bayan karkanda ya cusa nakiya ta tarwatse. Amma wannan ba shi ya hana ni barci ba.

Wani abokin aikina da na kai wa maganar ya ce ina cika zafi, littafin zamaninsa ne. Yana da hujja. An fara buga labarin kashi-kashi a 1930 a Le Petit Vingtième, shafin yara na wata jaridar Katolika ta Beljiyam, lokacin Kwango tana hannunsu. Hergé saurayi ne ɗan shekara 23, bai taɓa taka Kwango ba, kuma daga baya shi da kansa ya amsa cewa da tunanin mutanen da ya tashi cikinsu ya zana Afirka. A 1946 ya sake zana shi da launi, ya cire darasin da Tintin ke koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu, ya mayar da shi biyu a tara da biyu. Leɓɓan dai bai taɓa su ba. Wani ɗan Kwango, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara a Beljiyam a 2007 yana neman a janye littafin, a 2012 kotu ta ƙi, ta ce ba a nuna akwai niyyar cusa ƙiyayya ba.

To, kotu niyyar mai zane ta duba. Ni abin da ya faru a tsakar gidana nake dubawa. Yaro ɗan shekara tara ba ruwansa da 1930, hoto ya gani, ya ɗauka, ya je ya liƙa wa kakansa. Kuma maganar "zamaninsa ne" ba ta yi mini daɗi a bakin ɗan Damagaram ba, domin zamanin nan namu ne mu ma. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka shiga Zinder, a shekarar aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Garin nan ne hedkwatarsu har 1926 da aka mayar Yamai. Mutanen da suka yi musu aikin tilas, suka koyi yarensu da kunne don su tsira, irinsu ne ake kwaikwayon bakinsu a littafin. Kalmar "mushe" da muke kiran malamin lakwal da ita, daga "misiye" ɗin nan ta fito. A Kwango kuwa, shekara 22 kacal kafin a fara zana littafin ƙasar ta fita daga hannun Sarki Leopold na biyu na Beljiyam, wanda a mulkinsa ake yanke hannun mutane saboda roba. Ko alamar wannan babu a ciki.

Ni a wurina littafin nan na wariyar launin fata ne, ko da niyya ko babu. Ban ce a ƙone shi ba. A 2023 an fitar da wani bugu mai gabatarwa da ke bayanin zamanin, amma irin wanda ake samu a kan tabarma, kamar nawa, babu ko layi ɗaya na gargaɗi. Ɗan firamare kada a ba shi. Ɗan kwaleji da ya fara tarihin mulkin mallaka, a zauna da shi a buɗe tare, zai ga yadda Turawan mulkin mallaka suke kallonmu fiye da abin da malami zai rubuta a allo.

Nawa yana cikin akwati ƙarƙashin takardun gida. Da yaron ya tambaye ni ina littafinsa, na ce sai ya shiga kwaleji. Ran Juma'a bayan masallaci na kai shi gidan tsoho, na ce: "Baba, ka ba shi labarin yadda ka koyi Faransanci." Sun kai la'asar suna zaune a zaure.