Blackmagic Pocket 4K a hannun ɗalibi mai shirya gajeren fim

Tun 2018 kyamarar nan ta fito, amma har gobe tana cikin waɗanda ɗaliban fim suka fi nema, kuma da dalili. Hotonta yana da kyau ƙwarai. Tana ɗaukar hoton 4K, wato ɗigo 4096 x 2160, har firam 60 a daƙiƙa, kuma tana riƙe tazara mai faɗi tsakanin haske da duhu, mataki 13. Idan aka zaunar da jarumi a bakin taga da rana, fuskarsa za ta fito, abin da ke waje ma ba zai ƙone ya koma fari fat ba. Sai dai wanda ya sayi gangar jikinta kaɗai bai gama sayen kyamara ba.

Batir ne babbar matsalarta. Tana amfani da LP-E6, wanda a wurin aiki da wuya ya wuce minti 40 zuwa 45, domin allonta mai inci 5 da fankar sanyaya ta suna shan wuta. Wani lokaci ma tana mutuwa alhali ma'aunin bai nuna ya ƙare ba, musamman da batiran da ba na asali ba. Yinin ɗauka guda yana buƙatar batir shida zuwa takwas da caja biyu. Abin da ya fi shi ne a haɗa ta da babban batir na V-mount ta kafar wuta mai bolt 12.

Wajen ajiya tana karɓar katin SD, da CFast 2.0, da kuma SSD, wato ma'ajiyar waje da ake haɗawa ta kafar USB-C. SSD ce ta fi sauƙi ga ɗalibi, amma dole a sa wa kyamarar keji mai maƙalar wayar USB-C ɗin, don wayar na ɗan motsawa ɗauka ta tsaya. A tsarin ɗaukarta na Blackmagic RAW, da matse fayil 8:1, firam 24, awa guda tana cin kusan gigabait 150. A 12:1 kuma kusan 100. Ga fim na minti goma 12:1 ya wadatar, ba kowa ne zai ga bambanci ba. A kwafe komai zuwa wuri biyu kafin a goge.

Ba ta bin fuska da kanta wajen fokas, kuma ba ta da abin hana rawar hoto a jikinta. Wannan ba aibi ba ne ga mai koyo, domin zai tilasta masa ya auna tazara, ya sa alamar tef a ƙasa inda jarumi zai tsaya, ya ba wani aikin juya fokas. Amma duk wanda ya ce zai riƙe ta da hannu yana tafiya, hotonsa zai yi ta karkarwa. A ɗora ta a kan mai ƙafa uku, ko a nemi lens mai hana rawa. Da yake mazaunin lens ɗinta Micro Four Thirds ne, lens na 25mm yana nuna kusan abin da 50mm ke nunawa a babbar kyamara mai full frame. A ƙaramin ɗaki sai an sauko zuwa 12mm ko 14mm kafin mutum biyu su shiga hoto.

Akwai wani abu game da ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, da mutane da yawa ba sa lura da shi. Tushen ISO ɗinta biyu ne, 400 da 3200, kuma daga 1250 take komawa na biyun. Saboda haka a wuri mai duhu 1250 ya fi 1000 tsabta. Da rana kuwa sai an sa gilashin rage haske na ND a gaban lens, tunda ba ta da nata, in ana son shata, mai ƙayyade lokacin da haske ke shiga kowane firam, ta tsaya a digiri 180. ND mai kauri yakan sa baƙar riga ta koma ruwan ƙasa ko ja-ja, don haka a zaɓi wanda ke tare hasken infrared. Idan fitilun ɗaki suna ƙiftawa a hoto, a firam 24 a mayar da shata digiri 172.8 inda wutar lantarki take 50Hz, ko 144 inda take 60Hz.

Tana da kafar mini XLR mai ba makirufo wutar bolt 48, abin a yaba. Makirufonta na jiki kam na daidaita sauti ne kawai a wajen tacewa, kada a dogara da shi ga maganar 'yan wasa. A sa makirufo a sanda, a kawo shi bisa kan mai magana, tazarar da ba ta wuce rabin mita sosai ba.

Sabuwa tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio na tace fim da gyaran launi. Mai sayen ta hannu ya tambayi lasisin tun kafin ya biya, ya kuma gwada kafar USB-C da ta HDMI, don su ne suka fi saurin kwancewa. Ta dace da ƙungiyar ɗalibai mai mutum uku zuwa sama da ke tsara kowace fitowa a natse. Wanda zai yi aiki shi kaɗai yana bin mutane da gudu, gara ya nemi kyamara mai fokas na kanta.