Jirgin ruwan roba da ƙanena ya kawo mana daga Tulon

Jama'a salamu alaikum. Ni sana'ata saida piyes na mota ne nan Damagaram, kusa da tasha, to duk abin da ake kwancewa a ɗaura yana ɗaukar hankalina. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya zo hutu ya riƙo wa yarona wani katan, ciki jirgin ruwan yaƙi ne na roba wanda kai za ka harhaɗa da hannunka, samfurin Charles de Gaulle na sojan ruwan Faransa, wannan da ke ɗaukar jiragen sama a bayansa. Na san halin da ake ciki tsakaninmu da Faransa, amma ni maganar ƙira nake.

Sati uku muka yi kansa bayan isha'i, a kan tabarma da fitilar waya in an ɗauke wuta. An rage girmansa zuwa kashi 1 cikin 400, na gaskiyan mita 261 da rabi ne, namu ya fito wajen santimita 65, kusan tsawon hannun yaron. Robar tana da kyau wallahi, gangar jikin ta zauna daram ba sai an goga ba, kuma takardar bayani zane ce zalla, ko wanda bai yi lakkol ba zai bi ta.

Abin da ya fi burge ni filin saman ne. Yaron ya ce Baba me ya sa hanyar sauka ta karkace hagu, ko kuskure suka yi? Ba kuskure ba ne, dabarar 'yan Ingila ce ta 1951, Amurka ta yi wa jirginta Antietam irin wannan fili a ƙarshen 1952, aka fara gwada shi a farkon 1953. Kafin nan filin miƙe yake sak, in ƙugiyar jirgi ta kuskure wayar da ke tsayar da shi sai ya afka wa shingen tsaro, wani lokaci har da waɗanda ke fake a gaba, amma da aka karkata hanyar sai direba ya ƙara wuta kawai ya tashi ya sake zagayowa. Har layuka biyu na na'urar tururi mai cilla jirgi kamar gwafa sun fito da su a jikin robar, da lif biyu masu hawo da jirage daga ciki zuwa filin, a gefen dama bayan hasumiya.

To ga inda raina ya ɓaci. Muna buɗe leda muka tarar reshe ɗaya na farfela ya karye, ƙila a cikin kar ne daga Yamai, kaya bisa kaya, kuma ba ko ɗaya na sauyi a katan ɗin. Abu ƙarami kamar ƙwayar gero biyu, me zai ci musu su sa ragowa? Mu nan wa za ka aika wa ya turo maka? Sai da na yanko robar murfin bidon na goge ta da takardar yashi na manna. Kuma abin mamaki shi ma na gaskiyan haka ta same shi, a Nuwamba 2000 yana hanyar Norfolk ta Amurka a tekun Atilantika farfelarsa ta hagu ta karye, ya juyo tasharsa ta Tulon a Faransa, aka ɗauko na ajiya na tsofaffin jiragensu irin Clemenceau da Foch aka ɗaura masa, gudunsa ya sauka ƙasa da kilomita 50 a awa da aka tsara, haka ya yi ta aiki har gyaran 2008 kafin ya samu sababbi. Jirgi mai injin nukiliya biyu, an fara ƙira a Brest ta Faransa tun 1989, ya tsira da piyes na jiragen 1961 da 1963! Shi ya sa kullum nake ce wa masu gareji kar ku kai tsohon ƙarfe ga 'yan gwangwan da gaggawa.

Wanda zai saya ya sani ba gam ba fenti a namu, kuma gam ɗin da muke samu a kasuwar Dole yana bushewa kafin ka daidaita, a yi a hankali. Ƙananan jiragen saman yaƙi na Rafale da ake jerawa a filin kuwa sai da hantsaki, kar a bar ƙananan yara kusa. A samo masa akwatin gilashi tun kafin hunturu, namu kwana biyu ƙura ta rufe filin.