Gurup ɗin hasashen sukuwa da nake biya duk wata: ya cancanci kuɗinsa?

Masu tambayata a inbox kan gurup ɗin WhatsApp ɗin nan na wani tsohon joki (mahayin dokin tsere) da ke Unguwar Rimi a Kaduna, to ga amsa a dunƙule, ku bar ni in huta. Tun farko ni ba caca nake ba, son doki ne kawai, mu da muka taso muna leƙen kilisa a filin Murtala ai ba a raba mu da abin.

Inda mutumin ya ƙware shi ne handikaf. Wato tseren da ake ɗora wa dokin da ya fi ƙarfi nauyi mafi yawa, a zuba dalma cikin jakar da ke ƙarƙashin sirdi don a daidaita shi da na baya. Shi ba zai ce maka "ɗauki lamba 4" ya yi shiru ba, a'a, voice zai yi maka mai tsawo yana warware lambobin da ke gaban sunan doki, 1 ya ci, 2 ya zo na biyu, 0 kuma bai shiga taran farko ba, sannan ya tambaye ka wane nisa aka yi, ƙasa busasshiya ce ko ta sha ruwa, kilo nawa aka ƙara masa bayan cin da ya yi na ƙarshe. Wallahi a nan na gane dalilin da doki zai ci sau biyu a jere kuma na uku ya zo yana haki a baya. Misalin da yake yawan kawowa godiyar nan Makybe Diva ce, ta ci Melbourne Cup na Ostareliya a 2003 da kilo 51, a 2005 kuma ta ci na uku a jere da kilo 58 a mita 3,200, ya ce irinta ba a gina lissafi a kanta, yawanci kilo bakwai ya isa ya kashe wa doki gudu.

Matsalata da shi, duk tseren waje ne, su Aintree na Ingila, Durban July na Afirka ta Kudu. Da an zo sukuwarmu ta gida sai gurup ya yi tsit, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda mu ba mu da rikodin a rubuce, wanda ya san doki ɗan Sudan ɗin wane ya rage cin dusa ko Talon (wani nau'in doki) ɗin wane yana ɗingishi ɗan barga ne, ba waya ba.

Sai 'yan gurup masu turo "tabbas ne yau" da tsakar dare, admin ya kamata ya taka musu birki.

In koyon karatun doki kake so biya wata ɗaya ko biyu ya ishe ka. In kuma wanda zai ba ka mai ci kullum kake nema, riƙe kuɗinka ka sayi data.