Gargaɗi ga masu sayen 'ya'yan macijin masara ta intanet: ku kula da masu neman kuɗin akwati

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya ga ana tallan 'ya'yan macijin masara a Facebook ko Instagram, aka ce masa ya tura kuɗi ta manhajojin tura kuɗi irin su Zelle ko Cash App ko kuma ya je kanti ya sayo katin kyauta ya turo lambar, to ya riƙe kuɗinsa tukuna ya karanta wannan. Musamman mu mazauna Amurka da yaranmu suka taso a nan suke ganin abokansu na makaranta suna kiwon irin waɗannan dabbobi, yaro ya dame ka da roƙo, kai kuma ba ka san kan abin ba sai ka faɗa hannun mugu.

Na san wasu za su ce maciji kuma, a gida? Eh, a nan abu ne da aka saba da shi. Macijin masara, wanda Turawa ke kira corn snake, asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, jihohi irin su Florida da Carolina, ba shi da dafi ko kaɗan, ɓeraye yake ci, kuma yana da sanyin hali shi ya sa da shi yawancin masu fara kiwo suke farawa. Ni ma ina kiwonsu ne don sha'awa ba sana'a ba, ina da aikina. Amma mace ɗaya takan yi ƙwai 10 zuwa 30 a lokaci guda, bayan kamar wata biyu a ɗumin digiri 27 ko 28 na Selsiyus sai su ƙyanƙyashe, to ka ga mai macizai mata biyu ko uku kafin ya ankara ɗaki ya cika da 'yan robobin da ake sa 'ya'yan a ciki, dole ya sayar da rarar. Daga Yuli zuwa Satumba haka za ka ga tallansu ko'ina, kuma wannan lokacin ne 'yan damfara suke jira.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata baiwar Allah ce ta turo min saƙo cikin ɓacin rai tana tambaya ina macijin ɗanta, alhali ni ban taɓa magana da ita ba. Da ta turo hoton tallan sai na ga hotona ne, macijina ne, robar da na huda da ƙusa mai zafi ce, har tawul ɗin takarda da na shimfiɗa a ciki, abin da kawai suka yi shi ne sun yanke gefen murfin inda na rubuta ranar ƙyanƙyasa da alƙalami. Wani ya kwashe hotunan ya buɗe shafi da sunan wai gidan kiwo, ya zuba su. Ita kuma bayan an gama da ita ne ta bi sawun hoton a Google har ta iso wurina. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yaron har sun saya masa akwatin gilashi sun shirya komai suna jira.

Ga yadda suka yi mata, kuma haka suke yi wa kowa. Da farko farashi mai sauƙi, har da cewa wai jigila kyauta ce. Tana biya sai ga imel daga wani wai kamfanin jigilar dabbobi, da tambari da lambar bin sawun kaya da shafin intanet da za ka shiga ka ga kayanka na kan hanya, duk su suka ƙirƙira. Washegari aka ce kaya sun tsaya a filin jirgi saboda ana buƙatar akwati na musamman mai daidaita zafi da sanyi, ta biya amma wai za a mayar mata da kuɗin idan an kawo. Ta biya. Sai inshora, ita ma za a mayar. Sai takardar allurar rigakafi. Da ta ce ta gaji ba za ta ƙara ko sisi ba, sai murya ta canza, suka ce macijin zai mutu a filin jirgi kuma ita za a kama da laifin yasar da dabba. Wannan barazanar ce take sa mutane da yawa su ci gaba da biya, musamman baƙo wanda ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, sun san wannan sarai kuma da shi suke amfani. Babu maciji a filin jirgi, babu wanda zai kama ka, babu komai tun farko sai hoton da aka sato.

Wanda ya san yadda ake tura ɗan maciji da gaske ba za a yi masa wannan ba, don haka bari in faɗa dalla-dalla. Sabon ƙyanƙyasa tsawonsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, kaurinsa bai fi na fensir ba. Ana sa shi a 'yar robar nan mai murfi irin ta zuba abinci, da 'yan huduji a gefe don iska, a cusa tawul ɗin takarda yadda ba zai dinga buguwa ba, a naɗe murfin da salatif. Robar ta shiga kwali mai soso a ciki ta kowane ɓangare, a cike gurbin da jarida da aka dunƙule, idan da sanyi a manna jakar ɗumi a jikin murfin kwalin ta ciki ba a jikin robar ba don kar ta ƙona shi, idan da zafi a sa mai sanyaya. A waje a rubuta sunan dabbar da adadinta, don dokar Lacey ta tarayya ta wajabta a bayyana abin da ke cikin kwali idan dabba za ta tsallaka jiha. Shi ke nan. Kwali ne ƙarami da za ka ɗauka da hannu ɗaya, ba wani akwati mai lantarki na ɗaruruwan daloli. Kuma maciji ba a yi masa allurar rigakafi irin ta kare ko kyanwa, duk wanda ya ce ka biya kuɗin rigakafin maciji maƙaryaci ne.

Sannan hanyar turawa. Gidan waya na Amurka ba ya karɓar maciji kowane iri, kamfanin aika kaya na UPS ma ba ya karɓa. Yawancinmu da kamfanin FedEx muke turawa, na kwana ɗaya wanda zai isa washegari, kuma ba kowa ne zai je ya miƙa kwalin maciji haka kawai ba, sai wanda aka amince wa, shi ya sa ƙananan masu kiwo muke sayen takardar turawa ta hannun kamfanoni irin su Ship Your Reptiles. Kuɗin jigilar shi kaɗai sau da yawa ya kai ko ya fi kuɗin macijin idan mai launin da aka saba ne, to ta ina mutum zai ba ka maciji da araha kuma ya ce jigila kyauta? Araha ba ta ado. Lambar bin sawu ta gaskiya a shafin FedEx kansa za ka duba ta, kai da kanka ka rubuta adireshin shafin, kar ka danna abin da suka turo maka. Mai kiwo na gaskiya farkon mako yake turawa, Litinin zuwa Laraba, don kar kwali ya maƙale a ɗakin ajiya ƙarshen mako, zai duba yanayin garinsa da naka, idan zafi ya yi yawa zai ce ka yi haƙuri a jira ko ka je cibiyar FedEx ka karɓa da kanka maimakon a yi ta yawo da shi a mota. Ɗan damfara kuwa kullum a shirye yake, ko ranar Asabar ko ana tsakiyar ƙanƙara zai ce yau zai tura.

Akwai tambayoyin da ke tona musu asiri nan take. Ka tambayi ranar da ya ƙyanƙyashe, ya yi saɓar farko ko bai yi ba (yawanci bayan mako guda da 'yan kwanaki suke yi), sau nawa ya ci jinjirin ɓera, kuma daskararre aka narkar aka ba shi ko mai rai. Mu ba ma sayar da wanda bai ci aƙalla sau uku a jere ba, don akwai masu taurin kai da ke ƙin ci, ka tura wa sabon shiga irin wannan ka haɗa shi da baƙin ciki. Duk wannan a rubuce yake a jikin robar kowane ɗaya. Mai kiwo idan ka yi masa waɗannan tambayoyin daɗi yake ji, zai cika ka da bayani har da hoton uwa da uban. Mai hoton sata kuma amsarsa ɗaya ce, lafiyarsa ƙalau, yaushe za ka biya. Abin da ya fi komai, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda ya ajiye kusa da macijin ya yi bidiyo, ko ku yi kiran bidiyo ka gani da idonka. Daga nan za ka fara jin kyamara ta lalace, ina wurin aiki, macijin yana hannun ɗan uwana.

Ka kuma gwada shi da doka. A jihar Georgia doka ta hana ajiye macijin masara saboda ɗan asalin jihar ne, a Hawaii kuwa ba a yarda da kowane maciji ba. Ka ce masa kana Atlanta, babban birnin Georgia, idan ya ce ba matsala to ka san da wa kake magana. Ga 'yan uwa da ke gida kuma, duk wanda ya ce zai aiko maka da maciji daga Amurka har ƙofar gidanka a Kano ko Yamai kamar yadda ake aiko takalmi, ƙarya yake, fitar da dabba mai rai daga nan sai ta bi ta hannun hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka, da takardu da dubawa a filayen jirgin da aka ware. Ka tuna ma Facebook ya hana sayar da dabbobi masu rai a kasuwarsa, shi ya sa masu gaskiya suka fi taruwa a MorphMarket, shafin intanet na cinikin dabbobi masu rarrafe, inda ake ganin abin da masu saye na baya suka ce game da mai sayarwa, ko a baje kolin dabbobi masu rarrafe inda za ka riƙe macijin a hannunka kafin ka biya.

Mu masu sayarwa ma ba su bar mu ba. Wani zai ce yana son duka rarar da kake da ita, ba tayi ba tambaya, sai ya turo cek da kuɗin da ya fi farashi, ya ce ka tura ragowar ga mutumin da zai zo ɗauka. Banki zai nuna kuɗin sun shiga, bayan kwanaki a gano cek ɗin na bogi ne a cire daga asusunka, kai kuma ka riga ka tura naka na gaske. Ko imel na ƙarya cewa an biya ka ta Zelle amma sai ka biya wani abu kafin kuɗin su fito. Kar ka duba imel, ka buɗe manhajar bankinka. Kuma don Allah ku dinga rubuta sunanku a tsakiyar hoto ta yadda ba za a iya yankewa ba.

Wanda ya riga ya biya, ya tsaya daga nan, kar ya ƙara da fatan wai za a mayar masa da na baya. Ya kira bankinsa a ranar, idan katin kyauta ne ya kira kamfanin katin da rasit a hannu, wani lokacin idan ba a riga an kwashe ba ana iya tsayar da shi. Ya ɗauki hoton duk hirar da lambobin waya da sunan asusun kafin su goge shafin, ya kai ƙorafi ga hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye da sashen IC3 na hukumar bincike ta FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet, duka ta intanet ake yi kuma kyauta ne. Idan bayan nan wani ya kira ya ce shi jami'i ne ko lauya zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu, su ne dai suka sake dawowa da wata lambar, ka katse wayar.