Kiristal ɗin da ya dace a saya don auna kai-komon kwantam

Ɗakin gwaje-gwajen da ke shirin auna kai-komon kwantam, wato hawa da saukar da turjiyar lantarki ke yi a samfur idan an sanyaya shi ƙwarai ana ƙara masa ƙarfin maganadisu, ya kamata ya fara duba na'urar da ke hannunsa kafin sunan wani kiristal ya ɗauke masa hankali. Tun 1930 da Shubnikov da de Haas suka ga wannan a bismut a birnin Leiden, sharaɗin bai sauya ba: samfur mai tsabta, sanyi mai tsanani da maganadisu mai ƙarfi. Ɗakuna da yawa suna aiki da PPMS, na'urar auna samfur cikin sanyi da maganadisu ta kamfanin Quantum Design, mai kaiwa ƙarfin maganadisu na tesla 9 ko 14 da sanyin kusan kelbin 2, wato digiri biyu sama da ƙarshen sanyi, don haka da ita za a gwada zaɓin.

Cd3As2, kiristal na kadmiyam da asenik, wanda aka tabbatar a 2014 cewa rabin-ƙarfe ne nau'in Dirac, wato abu mai ɗaukar lantarki da ilektiron ɗinsa ke tafiya kamar marasa nauyi, yana da sauƙin fassara domin galibi mita ɗaya ce ke fitowa, wato yawan maimaituwar hawa da saukar iri ɗaya ne, amma yawan ilektiron ya bambanta daga wannan kiristal zuwa wancan, sannan kadmiyam da asenik duka guba ne. TaAs, wanda masu bincike a Princeton da Beijin suka nuna a 2015 cewa rabin-ƙarfe ne nau'in Weyl, dangin na Dirac, ya fi suna, sai dai mitocinsa ƙanana ne kuma suna cuɗanya, ta yadda raba su ke buƙatar gwani. Na3Bi kuwa kada ma a tanka cinikinsa in babu akwatin da ke kare samfur daga iska, domin nan take yake lalacewa.

WTe2 ne ya fi yaudarar mai saye. Turjiyarsa tana ƙaruwa matuƙa a cikin maganadisu, kamar yadda aka ruwaito a 2014, amma ingancinsa ya rataya a kan yadda aka reno shi: wanda ya tsiro a cikin narkakken teluriyam yakan fi wanda aka haɗa ta hanyar tururi tsabta nesa ba kusa ba, alhali a ido kamanninsu ɗaya ne.

A ganina, mai farawa ya ɗauki ZrSiS. Ba ya lalacewa a iska, babu sinadari mai guba a cikinsa, yana ɓarewa falle-falle ya bar fuska mai sheƙi da ake manna wayoyi huɗu na auna turjiya a kai ba tare da wahala ba, kuma kai-komonsa yana bayyana a 'yan tesla kaɗan ko da sanyin bai kai ƙasa sosai ba. Shi ma yana da mita fiye da ɗaya, amma sun yi nisa da juna.

Ko wanne aka zaɓa, a nemi dillali ya kawo adadin da ake samu idan an raba turjiyar samfur a zafin ɗaki da turjiyarsa a matsanancin sanyi, domin girman wannan adadi shi ne shaidar tsabta, kuma ya zama na rukunin kiristal da za a aiko ne, ba na wani tsohon rukuni ba. A kuma buƙaci sakamakon gwajin hasken eksire da ke nuna fuskar kiristal, tunda mitar tana sauyawa da kusurwar maganadisu, kuma samfurin da ba a san fuskarsa ba sai an sake biyan kuɗi an gano ta.