Garejin da ya gano abin da ke kashe min Hilux a hanya

Duk mai a-kori-kurar da ke tashi lafiya da safe, ta ɗan yi tafiya ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce, shawarata ita ce ya nemi makaniken da ke aunawa kafin ya kwance. Na samu irinsa a wani gareji da ba shi da nisa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma zan faɗi abin da na gani a wurin, da mai daɗin da marar daɗin.

Motata Hilux ce ƙirar 2010, mai injin fetur lita 2.7, silinda huɗu, wanda makanikai ke kira 2TR. Da ita nake ɗauko gero da riɗi daga kasuwannin Bichi da Ɗambatta zuwa Dawanau. Mota ce mai juriya, ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Ciwon ya faro ne da ɗan shiɗewa idan na taka totur a kan hawa da lodi. Daga nan sai ta fara mutuwa a silo, musamman a cunkoso da rana tsaka. Ƙarshe dai ta kai ga tana cikin gudu sai ƙarfi ya zare, injin ya yi tari, ya ɗauke. In ka yi ki sitata na juyawa garau, batir da ƙarfinsa, amma ba ta kamawa. Ka bar ta kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Kafin in zo wannan gareji an canza min filogi duka huɗu a wani wuri, an canza kwayil biyu, an wanke nozul. Wani ma cewa ya yi birenbos ne, wato kwamfutar motar, ya lalace, in kawo kuɗi a nemo na Beljiyam. Babu wanda ya jira motar ta mutu a gabansa. Kowa da sanyi yake ganinta, tana aiki lafiya, sai ya ɗauki abin da ya fi saurin zuwa masa a rai ya canza.

Maigidan wannan garejin, wanda yaransa ke kira Oga, bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni a benci ya yi min tambayoyi. Da sanyi take mutuwa ko da zafi? Farat ɗaya take ɗaukewa ko tana ja da baya tukuna? In ta mutu, fitilun dashbod suna nan ko su ma sun tafi? Ina nake shan mai, kuma nawa nake bari a tanki? Na ce masa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban cika wuce kwata ba, wani lokaci sai wutar mai ta kama nake tsayawa, kuma a ƙauye in ta kama dole nakan sha na 'yan bumburutu. Ya gyaɗa kai ya ce, “Alhaji, ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.”

Sannan ya jona kwamfutarsa a soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0171. Ya yi min bayani cewa ma'anarta iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan a abin da injin ke ƙonawa, amma ba ta faɗi dalili ba. Zai iya zama tiyo ne ya tsage yana shan iska ta gefe, ko na'urar auna iska da ke bayan filta ta yi datti, ko kuma man ne ba ya isowa. A nan na fara ganin bambancinsa da sauran. Akwai masu kwamfuta da yawa yanzu a garin nan da za su karanta maka lamba, su goge ta, su karɓi kuɗi. Shi kuwa lambar hanya kawai ta nuna masa, ya bi ta da ƙafarsa.

Ya duba tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, lafiya. Ya ciro na'urar auna iska ya haska ta da tocila, 'yar wayar cikinta da ƙura amma ba da yawa ba, ya fesa mata maganin wanki bai taɓa ta da hannu ba. Daga nan ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a kan layin da ke shiga nozul. Da sanyi allurar ta tsaya wajen 40, ya ce haka ake so. Sai ya bar motar tana aiki a rana, ya sa yaro ya riƙa taka totur jefi-jefi, ya koma kan wani aikin.

Na zauna ina kallon allurar nan. Bayan injin ya ɗauki zafi sosai sai ta fara rawa, tana sauka a hankali, 35, 30, in an taka totur ta faɗi ƙasa ta dawo da ƙyar. Da ta yi ƙasa sosai motar ta yi tarin da na sani, ta mutu. Wannan ne karo na farko da ciwon ya nuna kansa a gaban mai gyara. Nan take Oga ya ciro kwayil ɗaya ya gwada, wuta na zuwa. Ya ce da na'urar karanshaf, mai sanar da kwamfutar motar juyawar injin, ce ke yankewa da zafi, wadda ita ma tana kawo irin wannan mutuwar, da ba za a ga wuta ba. Ya ɗan fesa maganin wankin kafireto a bakin totur, aka yi ki, motar ta kama na ɗan lokaci ta sake mutuwa. Magana ta ƙare, yunwar mai ce.

Ni a raina na gama cewa famfon mai ne, a saya a huta. Shi bai yarda ba tukuna. Ya shiga ƙarƙashin motar da mita ya auna wutar da ke isa famfon tun da zafinsa. Batir na ba da 12 da ɗoriya, amma abin da ke kaiwa famfo bai wuce 9 ba. Ya duba fiyus da rile, lafiyarsu lau. Da aka sauke tanki sai ga abin a fili: soket ɗin da ke saman famfon ya yi baƙi, robar ta narke a gefe ɗaya, ƙarfen ciki ya saki. Aka zaro famfon, 'yar ragar da ke bakinsa ta toshe da tsatsa da wani laka ja, ka matsa ta da yatsa ba ta lotsawa. Da aka juye ragowar man a roba, ruwa ya kwanta a ƙasa, yashi a ƙarƙashinsa.

Bayaninsa ya shige ni. Raga ta toshe, famfo na wahala, soket kuma na zafi yana saki, wuta na raguwa, famfo na ƙara rauni. Man da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya famfon, to ni kuma kullum tankina a ƙasa yake. Ya ce da an sa sabon famfo a kan wannan soket ɗin, da na dawo kafin wata ya ƙare ina cewa an sayar min da jabu. Aka wanke tanki, aka yanke soket aka sa wani, aka yi masa dalma maimakon a murɗa waya a naɗe da salatif. Famfon ma ya ce a canza tunda ya sha wuya. Ya rubuta min lambarsa a takarda ya ce in je Ƙofar Ruwa da kaina in saya, in kuma ina so yaronsa ya raka ni ya duba min. Tsohon famfon da ƙonannen soket ɗin ya zuba min su a leda ya miƙo min.

Sai dai wurin yana da nasa. Jira ake yi, kuma jira mai tsawo. Shi kaɗai ke yin binciken, yaran kwancewa da ɗaurewa kawai suke yi, don haka in ka tarar da motoci a gabanka yininka ya tafi. Rumfar kwano ɗaya ce, ita ma motoci ne a ciki, benci kuwa rana na cimma sa da azahar. Ba ya ɗaga waya in yana aiki. Yana karɓar kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, kuma yana faɗa tun farko cewa za ka biya ko da ka ɗauki motarka ka kai wani wuri. Na ga wani direba ya yi fushi da wannan ya tafi. Ni ban ga laifin Oga ba, domin abin da na biya na binciken bai kai kuɗin kwayil ɗaya cikin biyun da aka sa ni na saya a banza ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yaran sun bar min tabon baƙin mai a kujera da sitiyari, ba su shimfiɗa ko leda ba, kuma sai da na yi magana aka ɗaure ƙarfen da ke riƙe tiyon tanki yadda ya kamata. Ya kamata Oga ya sa ido a kan wannan, aikinsa ya fi ƙarfin a ɓata shi da sakacin yara.

Bayan an haɗa komai bai sallame ni ba sai da ya sake ɗaura agogon, ya bar motar ta yi zafi kamar ɗazu, allurar ta tsaya cak a inda take. Muka hau tare har Dawanau muka dawo. Tun daga lokacin na yi lodi zuwa Ɗambatta cikin zafin bazara ba ta ko yi tari ba, wutar cek ma ba ta sake kamawa ba.

Wanda zai je ya yi sammako, ya je da mai kaɗan a tanki don sauke shi ya yi sauƙi. Kada ya bari wani ya cire kan batir ko ya goge masa lambar da ke cikin kwamfutar motar kafin ya isa, domin ita Oga zai fara nema. Injin fetur ne ya fi ƙwarewa a kai. Masu Hilux na dizal yakan duba musu ɓangaren wuta, amma in aikin famfon dizal ne yana tura su wurin wani da ke layin bayansu.